Malam-buɗe-littafin tumfafiya da tarihin sunansa

Duk inda tumfafiya ta tsiro, daga bayan garin Tamale zuwa Garwa, Anjamena da gaɓar Nilu, mukan ga wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, bakin fukafukansa baƙi da ɗigon fari. A kan ganyenta yake ƙwai, tsutsarsa ta ci ganyen ta tara dafinsa a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamarsa. Mu dai suna ɗaya muke kiransa da shi da sauran danginsa. Masana ma da haka suka fara.

A 1758, Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tara duk wani malam-buɗe-littafi a gida ɗaya mai suna Papilio, ya kira wannan Papilio chrysippus. Da nau'o'in suka yi wa gidan yawa, sai aka raba su, namu ya koma gidan Danaus, sunan wani sarki a tatsuniyoyin Girkawa.

Daga nan launi ya shiga ruɗa masana. Wanda muke gani a Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne, saboda haka littafin Pieter Cramer na Holan, a 1777, ya ɗauke shi nau'i dabam, ya sa masa alcippus. A 1845 kuma Bajamushe Klug ya ware wani da ba shi da baƙi a tsinin fukafukan gaba, ya kira shi dorippus.

Gabashin Afirka ne ya warware zancen. A can, musamman kewayen Nairobi, ukun suna haɗuwa, suna barbarar juna, suna hayayyafa. Ko da aka sake ba da shawarar ware dorippus a 2005, binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya nuna bambancin launin ya taru ne a 'yan ƙananan yankuna na gadonsu. Yau galibin masana sun tsaya a kan cewa nau'i ɗaya ne, Danaus chrysippus, riga ce kawai ta bambanta.

Kakanninmu sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan ɗan ƙwaro ya ƙara mana da cewa rashin kama ma ba ya yanke zumunta. Idan damina ta ja baya, mu kai yaranmu gindin tumfafiya, su juya ganyenta su nemi tsutsa mai zanen fari, baƙi da rawaya, su kuma ji sunan uwarta da bakinmu.