Daga Murhu zuwa Kicin: Tarihin Tsarin Madafi a Ƙasar Ƙanƙara

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ginin Hausawa, irin su Schwerdtfeger (1982) da Moughtin (1985), sun fi ba da ƙarfi ga zaure da soro da adon bango. Madafi kuwa, inda matar gida ke cinye rabin yininta, bai sami irin wannan kulawa ba. Wannan maƙala za ta bi sauye-sauyen da suka sami tsarinsa a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina.

2.0 Tsarin Gargajiya

Tushen madafi shi ne murhu na duwatsu uku, wanda yaɗuwarsa ta sa aka yi masa kacici-kacicin nan na "uku-uku ta gama gari". Da rani a tsakar gida ake girki, da damina kuma a koma rumfa ko ɗan ɗakin da aka keɓe. Mai girki a zaune take aiki, bisa 'yar gajeriyar kujera: murhu a gabanta, itace da ruwa a hannu ɗaya, ƙore da akushi da mara da muciya a ɗaya hannun. Wato kayan aiki sun kewaye ta ta fuska uku, bayanta ne kaɗai a buɗe. Turmi yana tsaye shi kaɗai a fili, domin masu daka su sami wurin kewaye shi.

Wannan tsari yana da dalilai biyu. Na farko, tuƙin tuwon gida mai yawan jama'a yana bukatar tukunya ta zauna ƙasa daram, mai tuƙi ta sa ƙarfin kafaɗa. Na biyu, madafi yankin mata ne. Kishiyoyi suna karɓar girki bi da bi, maigida kuma a zaure ko turaka ake kai masa abinci. Polly Hill (1972) ta nuna yadda matan kulle a Batagarawa ke sana'ar abinci daga cikin gida, don haka murhu jari ne, ba wurin ciyar da iyali kaɗai ba.

3.0 Shigowar Sabon Tsari

Kicin na zamani asalinsa Turai da Amurka. A 1926 Margarete Schütte-Lihotzky ta tsara ƙaramin kicin na birnin Farankfot a Jamus, bisa auna motsin mai girki. A shekarun 1940 masana a Jami'ar Illinois suka yaɗa ƙa'idar kusurwa uku, wato murhu da wurin wanki da firji su kasance kusa da juna. Kanta mai siffar harafin U, wadda ke bin bango uku, ta dace da wannan ƙa'ida. Daga baya aka ƙara tebur a tsakiya, wanda ake kira tsibiri, da dogayen kujeru domin iyali su ci abinci a wurin.

A ƙasar Hausa, girki a tsaye ya fara bayyana a gidajen Turawan mulki, inda kuku namiji ke aiki. Kuɗin Udoji na 1974 ya ba ma'aikata damar sayen risho da firji. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari, ya kuma yaɗa noman masara. Da masara da injin niƙa suka yawaita, dutsen niƙa ya ja baya, aikin turmi ya ragu. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, gidajen siminti masu kicin a ciki suka ƙaru.

4.0 Inda Tsarin Biyu Suka Saɓa

Idan aka lura, siffar U ba baƙuwa ba ce ga Bahaushiya, domin ita ce ta daɗe tana shimfiɗawa a ƙasa, turmi kuma shi ne tsibirinta. Saɓanin yana wuri biyu: tsayin kanta, wanda ba ya ba da damar tuƙa babbar tukunya, da kujerun tsibiri, waɗanda ke gayyatar maza da baƙi wurin da kunya ta hana su zama. Shi ya sa ake ganin gida mai kicin na tayil, amma ranar suna ko biki a bayan gida ake kafa duwatsu uku.

5.0 Kammalawa

Murhun itace yana da illarsa, domin hayaƙi na cutar da ido da huhu, itace kuma yana ƙara tsada. Amma gyara ba zai yi ƙarko ba sai mai zanen gini ya tanadi ƙaramin murhu na ƙasa, da mafitar hayaƙi, da ƙofa zuwa tsakar gida. Aikin masana harshe kuma shi ne tattara kalmomi irin su maburgi da ragaya da ƙoshiya daga bakin tsofaffin mata, tun kayan da suke ɗauke da sunayen ba su ɓace ba.