Yadda dam biyu suka canza Kogin Haɗeja 🧵

1/ Jama'a, in kun taɓa cin shinkafar Kura ko tumatirin Kadawa, to ku biyo ni. Ruwan da ya shayar da su akwai waɗanda suka rasa shi a gaba.

2/ Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya haɗu da na Jama'are kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ya faɗa Tafkin Chadi.

3/ Kafin dam, kogin na da lokacinsa. Da damina ya cika ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, a yi shinkafa. Ruwa na ja a shuka wake, a kama kifi, Fulani su kawo shanu. Fili ɗaya, sana'a uku.

4/ Sai ga farin farkon shekarun 1970. A zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala dam ɗin Tiga, 1974. Na Challawa ya biyo baya a 1992. Gaskiya an amfana: noman rani ya bunƙasa, Kano ta samu ruwan sha.

5/ Amma fa malalar damina ta ragu, sannan aka riƙa sakin ruwa har da rani. Hanyoyin da a da suke bushewa ƙaƙas suka daina bushewa. Abin da ciyawar kachala ke so ke nan.

6/ Kachala ta toshe hanyoyin, yashi ya taru. Ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru yana cin gonaki da gidaje, wasu rassan kuma suka ƙafe. Wani na kukan ambaliya, maƙwabcinsa na kukan ƙishi. Ga jan-baki na fakewa a ciyawar yana cinye hatsi.

7/ Shi ya sa duk sanda aka taso da maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, mutanen Yobe da Borno ke ɗaga murya. Sun ga abin da ya faru, kuma Jama'are ne babban reshen da ba a tare ba.

8/ Ni dai ban ce dam laifi ba ne. Amma ranar da za a buɗe ƙofa a Tiga, ya kamata a san masuncin Nguru da manomin Gashuwa na cikin lissafi. 'Yan yankin, ya kakanninku suka ce kogin yake a da? Ku faɗa mana.