Kamu Bakwai: Tarihin Faɗin Lungu a Yakasai da Hanyar Motar Kwana-kwana

Duk wanda ya san Yakasai ya san cewa titin mota gefe-gefe yake bi, cikin unguwa kuwa lunguna ne. Wani lungun mutum biyu za su jera, wani kuwa sai mai kurar ruwa ya raɓe kafin mai babur ya wuce. Idan gobara ta tashi a tsakiyar irin wannan wuri, motar 'yan kwana-kwana, mai faɗin kimanin mita 2.5, a bakin titi take tsayawa, a yi ta haɗa tiyo ana ja, matasa suna miƙa bokitai. Mai naƙuda ko wanda ya yanke jiki ya faɗi, a hannu ake fito da su. Da an tashi bayani sai a ce ai mutanen da ne suka yi gini babu tsari. Wannan magana ba ta yi wa tarihi adalci ba, kuma tana rufa wa masu laifin yau asiri.

Yakasai na cikin tsofaffin unguwannin birni, ba nisa da Gidan Rumfa da Ƙofar Mata, kuma ruwayar baka tana danganta asalinta da Kwararafa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) aka fara ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da babban ɓangare na cikin badala gonaki ne da fili. Ashe ba ƙarancin ƙasa ya matse lunguna ba. An auna su ne da abin da ke bin su: jaki da mangala, raƙumi da kaya, doki da mahayinsa, da makara a kafaɗun maza. Lungu matsattse yana ba da inuwa da rana, karkacewarsa tana kare gida daga idon baƙo, kuma tana rikita maharin da ya samu ya haura ganuwa.

Wannan awo yana da doka a bayansa. Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa idan an yi saɓani kan hanya a bar mata kamu bakwai. Malaman Malikiyya sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kansa, har wani magini ɗan Tunis, Ibn Rami, ya yi littafi sukutum kan shari'ar gine-gine a ƙarni na 14. A nan gida ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin mallakar ƙasa da hariminta a cikin Ta'alimur Radi. Fiƙihun ya raba hanya gida biyu. Mai ɓullewa ta jama'a ce, ba a yarda kowa ya ci daga jikinta ya cutar da masu wucewa ba. Lungun da ba ya ɓullewa kuwa na mutanen da ƙofofinsu ke cikinsa ne, su suka yi tarayya a kansa, kuma wani ba ya yin abin da zai takura sauran sai da yardarsu. Abin da masu tsara birane suke kira hanya mai zaman kanta a yau, alƙalanmu sun san shi tun tuni.

Kamu bakwai ya kama tsakanin mita 3.2 zuwa 3.5. Ƙa'idar gini ta Ingila a yanzu tana neman mita 3.7 domin motar kashe gobara. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne ba kowane lungu ya taɓa kai kamu bakwai ba, amma abin lura shi ne akwai ma'auni, akwai kuma mai unguwa da alƙali da za a kai wa ƙara.

Wutar zamanin ma daban take. Katangar tubali mai kauri da rufin azara da aka danne da ƙasa ba sa saurin miƙa wuta ga maƙwabci. Haɗarin yana ga ɗakunan ciyawa da danga, musamman da hunturu. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini kuma suna nan kusa da ruwansu.

Mota ta zo ne tare da wani tsari da bai shigo cikin ganuwa ba. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sannan Dokar Garuruwa ta Lugga ta 1917 ta tabbatar da rabon da aka riga aka fara. Aka shata Nassarawa da faffaɗan tituna, aka yanka Sabon Gari layi-layi kamar gidan dara, aka bar filin yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na sauran mutane. Birni kuwa aka bar shi a hannun En'e. Daga baya an fasa manyan tituna da suka haɗa ƙofofi da fada da kasuwa, an faɗaɗa ƙofofin kansu, har zuwa rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin aikin titi. Tsarin Trevallion na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, ya hangi babban Kano, amma tsakanin titi da titi lungu ya ci gaba da zama yadda yake.

Ko ma dai a ce ya ƙara tsukewa. Gado ya raba gida ɗaya zuwa huɗu, kowa na neman ƙofarsa. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa masai a waje, wani ya mayar da zaure shago ya kafa rumfa, kwata ta ci abin da ya rage. An cike kududdufai an yi gini a kai. Cikin gidajen kuma yanzu akwai silin, katifar soso, tukunyar gas, janareta da jarkar fetur, da wayoyin lantarki da suka sarƙe a sama kamar saƙar gizo. Hanyar jaki ce ta rage, amma wutar ta zama irin wadda bokiti ba ya iya mata.

Yakasai tana da uzurin ɗaruruwan shekaru. Wanda ba shi da uzuri shi ne awon igiya. Bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, masu gonaki a gefen gari suka gane cewa gara su yanka su sayar da kansu kafin gwamnati ta karɓe ta ba su diyyar da ba ta kai ta kawo ba. Dillali kuwa kowane taku da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa. Haka aka sami manyan sassa na Kurna, Ɗorayi, Rimin Keɓe da makamantansu: unguwannin da aka gina a zamanin mota, da hanyoyin da wasu ba su kai na cikin birni ba. Sun gaji matsin lungu, ba su gaji dokarsa ba, kuma hukumar tsara birane ta KNUPDA takan iso ne bayan an zuba kwano. A Amurka, inda unguwanni masu hanyoyin kansu suke da yawa, dokar gobara da galibin jihohi ke bi tana neman faɗin ƙafa 20 babu shinge, da wurin juyawa ga duk layin da bai ɓulle ba idan ya wuce ƙafa 150. Sharaɗin yana hawa kan mai yanka fili tun kafin a ba shi izini, ko da hanyar ba za ta taɓa zama ta gwamnati ba.

Ɗora wannan awo a kan Yakasai yana nufin rusau, kuma ba na jin akwai mai hankalin da zai so a share unguwar da ta girmi Nijeriya domin mota ta sami wurin juyawa. Misalin da ya fi kusa da halinmu na Japan ne, inda tsofaffin unguwannin Tokiyo da Kiyoto suke da nasu lungunan. Dokar gini ta 1950 ta sa mita 4 a matsayin mafi ƙarancin faɗin hanya, amma ba ta rushe tsofaffi ba. Cewa ta yi duk wanda zai sake gina gidansa a kan matsattsiyar hanya sai ya ja baya har katangarsa ta yi mita 2 daga tsakiyar hanyar. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, don har yau ba a gama ba, shi ya sa suka haɗa da ƙananan motocin kashe gobara da famfunan kwana-kwana a cikin unguwa. A Yakasai kuwa kusan kowace shekara ana rushe gidan ƙasa a tayar da na bulo, wani ma da bene, kuma a kan tsohon layin katanga ake ɗora harsashin, in ma ba a ɗan ƙara taku ɗaya cikin lungu ba.