Gasasshen kifi da miyar ɗanyen ganye: yadda ake haɗa shi a ƙasar Ƙonni

Gasasshen kifi da miyar ɗanyen ganye abincin dare ne da ake gamawa cikin rabin awa. Kifin kaɗai ne ke hawa wuta. Miyar kuwa a turmi ake daka ta, a zuba mata lemun tsami da ɗan mai, a shafa a kan kifin yana da zafi. A garuruwan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela an fi sabawa da soyayyen kifi ko bandataccen kifi a miya, amma duk kayan wannan girki ana samunsu a kasuwannin yankin, musamman lokacin noman rani.

Kifin da ake samu

Jahar Tahoua ba ta da kogi mai gudu duk shekara, sai dai tana da tabkuna da madatsun ruwa. Madatsun Mozague da Zongo da ke kan kwarin Magiya su ne ke ba gonakin noman rani na Ƙonni ruwa, kuma masunta na kamu a cikinsu. Akwai kuma tabkin Ɗan Dutsi da na Tabalak, waɗanda aka sanya cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2005. Kifayen da aka fi gani su ne tarwaɗa da karfasa, wani lokaci giwan ruwa. Bayan su akwai kifin teku mai ƙanƙara da ake kawowa cikin kwali.

Karfasa ta fi dacewa da gashi saboda faɗinta, wuta na ratsa ta da sauri. Tarwaɗa ta fi maiƙo kuma ƙayarta kaɗan ce, shi ya sa ta fi sauƙi ga gidan da ke da yara. Yauƙin jikinta yana fita idan aka murje ta da toka ko lemun tsami, ko aka watsa mata ruwan zafi.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, kifin da aka kama da safe yana iya lalacewa kafin la'asar idan ba a sa shi a ƙanƙara ba. Mai kyau idonsa garau yake, naman da ke ƙarƙashin kunnensa ja ne, in an danna jikinsa da yatsa sai ya dawo. Wanda cikinsa ya saki ko yake wari, yaji da lemun tsami ba sa gyara shi. Kifin kwali da ya narke ba a sake mayar da shi firigo.

Haɗin miyar

Don mutum huɗu ana buƙatar kifi kilo 1, damin farsil ɗaya, ɗanyen ganyen albasa, ɗan na'a-na'a ko ɗoɗɗoya, tafarnuwa ƙwara 3, attaruhu ɗaya, lemun tsami 2, man gyaɗa cokali 3 da gishiri kaɗan. Ana fara daka tafarnuwa da attaruhu da gishiri, sannan a zuba ganyen a daka sama-sama, ba sai ya yi laushi ba. Lemun tsami da mai su ne na ƙarshe.

Ganyen albasa shi ne abin da yankin ya fi kowa. Albasar Galmi, da ake nomawa a gundumar Malbaza ake kuma fitar da ita har Gana da Kodebuwa, ganyenta akasari gabu ake yi da shi. Ɗanyensa ya fi gabu ƙamshi a wannan miya, kuma a lokacin girbi kusan kyauta ake samunsa. Inda ba a samu farsil ba, ganyen albasa da ɗoɗɗoya sun wadatar.

Irin wannan haɗi ba baƙo ba ne a Afirka. Mutanen Senegal suna daka farsil da tafarnuwa da barkono su cusa a jikin kifin shinkafarsu, suna kiransa rof. A Maroko kuma akwai sharmula, wadda ake jiƙa kifi a cikinta kafin gashi.

Gashi

Bayan an kankare kifin an cire kayan ciki, ana tsaga jikinsa sau uku kowane gefe. A raba miyar biyu tun kafin ta taɓa ɗanyen kifi: rabi a cusa cikin tsagar, rabi a rufe a ajiye don ci. Cokalin da ya taɓa ɗanyen kifi ba ya komawa cikin rabin da aka ajiye.

Ana jira gawayi ya zama garwashi, harshen wuta ya mutu, kafin a ɗora kifin. Ƙa'idar masu girki ita ce minti 10 ga kowane kaurin santimita 2 da rabi, a juya sau ɗaya. Matsakaiciyar karfasa kan ɗauki minti 6 zuwa 8 kowane gefe. Ta nuna idan naman ya yi fari har kusa da ƙashi yana ɓarewa da kansa. Ga mai na'urar auna zafi, digiri 63 ke nan. Mai murhun gaz zai iya yi a kasko da mai cokali ɗaya, a rufe, a rage wuta. Ana ci da shinkafa, dambu, dafaffen dankali ko burodi.

Amfani da abin kiyayewa

Gram 100 na naman kifi yana ɗauke da kimanin gram 16 zuwa 20 na sinadarin gina jiki. Gashi yana rage man da suya ke sha, ɗanyen ganye da lemun tsami kuma suna riƙe bitamin C, wanda dogon dahuwa ke lalatawa. Tsami da ƙamshin ganye suna sa a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, abin da ya shafi masu hawan jini kai tsaye: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai gram 5 na gishiri a yini.

Haɗarin yana wajen ganyen, tunda ba ya hawa wuta. Ganyen lambu na iya ɗauko ƙwayoyin cuta daga ruwan ban ruwa ko taki, ko kuma ragowar maganin feshi, kuma lemun tsami ba ya kashe su. Sai an wanke shi ganye-ganye da ruwan da aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. A damina, ko lokacin da aka ji labarin kwalara kamar wadda ta shafi jahar Tahoua a 2021, gara a tafasa miyar gaba ɗaya na ƴan mintoci. Launinta zai dushe amma ɗanɗanon na nan. Haka ake yi wa mai juna biyu da ƙananan yara a kowane lokaci, kuma a tsince musu ƙaya da hannu kafin a ba su.

Miyar da ta saura ba ta kwana a waje. A firigo tana kai kwana biyu cikin kwano mai murfi, idan lantarki bai yanke ba.