Gorunan bincike: Yadda ake gano inda ruwan Mashigin Tekun Meksiko ya dosa

A ranar 20 ga Afrilun 2010 dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Mashigin Tekun Meksiko. Ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai kuma ya yi kwana 87 yana malala. Tambayar da ta fi damun hukumomi da masunta a lokacin ita ce: ina ruwan zai kai wannan mai? Amsar irin wannan tambaya na fitowa ne daga wasu ƙananan na'urori da ake saki a kan teku su bi ruwa duk inda ya nufa.

Mene ne goran bincike?

Siffarsa ta yi kama da goran da masunta ke hawa a kogi. Ƙwallo ne na roba mai yawo a saman ruwa, a cikinsa akwai batir, da na'urar auna zafin ruwa, da wata mai aika bayanai ta tauraron ɗan'adam. A ƙarƙashinsa ana rataya wani dogon buhu da ke lilo a zurfin kimanin mita 15. Amfanin buhun shi ne ya riƙe goran a cikin igiyar ruwa, don kada iska ta kwashe shi ta wata hanya dabam. Idan aka haɗa wuraren da goran ya bi a kan taswira, za a ga alkiblar ruwan da saurinsa. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, na jagorantar wani shiri da ke riƙe da fiye da irin waɗannan goruna 1,000 a tekunan duniya.

Babbar igiya da da'irorinta

Ruwa mai ɗumi na shiga mashigin daga kudu, ta tsakanin yankin Yukatan na Meksiko da tsibirin Kyuba. Yakan miƙa arewa, ya lanƙwasa, sannan ya fice ta kudancin Fulorida. Wannan ce igiyar da masana ke kira Loop Current, wato igiya mai lanƙwasa. Idan lanƙwasar ta yi tsawo sosai sai kanta ya tsinke, ya zama da'irar ruwa mai juyawa irin juyin hannun agogo. Faɗin irin wannan da'ira kan kai kilomita 200 zuwa 400, tana tafiya yamma kilomita kaɗan a kullum, kuma takan yi watanni kafin ta watse.

Tsinkewar ba ta da tsayayyen lokaci, abin da ya sa hasashenta ke da wuya. Ɗumin ruwan da'irorin na kaiwa can ƙasa, don haka guguwar da ta ratsa kansu kan ƙara ƙarfi. Haka ya faru da guguwar Katrina a 2005 kafin ta afka wa birnin New Orleans. A 2010 kuwa wata da'ira ta tsinke ana tsaka da malalar man, abin da ya taimaka wajen rage haɗarin kwasar man zuwa kudancin Fulorida.

Sauyin yanayin shekara

Kusa da gaɓa, iska ce ke juya ruwa. A gaɓar jihohin Luwiziyana da Teksas ruwan saman teku na gangarawa yamma da kudu a mafi yawan watannin shekara. Daga wajen Yuni zuwa Agusta iska kan sauya, ruwan ma ya juya baya. Ma'anar haka ita ce man da ya zube a watan Janairu da wanda ya zube a wuri ɗaya a watan Yuli na iya ƙarewa a gaɓoɓi mabambanta.

Abin da aka gano bayan 2010

Kamfanin BP ya ware dala miliyan 500 don binciken kimiyya na shekara 10 a mashigin. Da wani ɓangare na kuɗin, ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Miami ya saki goruna kusan 300 a 2012, sannan kusan 1,000 a farkon 2016. Waɗannan an ƙera su ne don bin ruwan da ke can sama, inda mai ke yawo, kuma na 2016 an yi su da kayan da ke ruɓewa a teku.

Sakamakon ya nuna cewa ƙananan da'irori masu faɗin kilomita kaɗan, waɗanda tauraron ɗan'adam bai cika gani ba, na da babban tasiri. A gwajin 2016, da yawa daga cikin gorunan da aka baza a fili mai girman birni sun taru cikin kusan mako guda a wurin da bai kai filin ƙwallo ba, daga baya suka sake bazuwa. Ke nan teku kan tattara abin da ke samansa kamar yadda yake watsa shi.

Me ya sa batun ya shafi siyasa?

Taswirar igiyar ruwa ce ke nuna inda za a tura jiragen kwashe mai, da wuraren da za a hana kamun kifi, da inda za a nemi waɗanda jirginsu ya kife. Tana kuma iya zama hujja idan ana taƙaddamar diyya tsakanin kamfani da al'umma. Wannan darasi ne ga Mashigin Tekun Gini, inda Najeriya da Ghana ke haƙar mai, kuma igiyar ruwa ke tafiya gabas tana ratsa iyakokin ƙasashe. Ƙasar da ba ta auna ruwanta da kanta za ta dogara ne da alƙaluman wasu a ranar da mai ya zube.