Daga gsutil zuwa gcloud storage

Kamfanin Google yana ba da shawarar a riƙa amfani da gcloud storage wajen loda fayiloli da sauke su a rumbunsa na intanet, a maimakon tsohon gsutil. Sauyin yana buƙatar bin rubutattun umarnoni layi-layi, domin wasu sunayen sun canza. Umarnin gsutil cp ya zama gcloud storage cp, amma gsutil mb ya koma gcloud storage buckets create. Ba a buƙatar alamar -m kuma, tunda sabon yana tura fayiloli da yawa lokaci guda da kansa. Umarnin rsync na iya goge fayiloli, shi ya sa ake fara gwada shi da --dry-run. A ƙarshe sai a gyara takardun bayani, don kada ma'aikata su ci gaba da bin tsohon umarni.