Rabon gado a ƙasar Kornaka: abin da addini da doka suka tanada

Da an gama girbi, ƙarar gona kan yawaita a ƙofar masu gari da fadar sarki, kuma da dama daga cikinsu tushensu gado ne da ba a raba ba tun lokacin da ya kamata. Don haka muka tattaro muku abubuwan da ya kamata kowane gida ya sani.

Wace doka ce ke aiki?

Har yanzu Nijar ba ta da kundin dokar iyali. An yi yunƙurin kafa shi, har a 2011, amma bai samu karɓuwa ba. Tun dokar 16 ga Maris 1962, alƙali yana bin al'adar masu shari'a ne a sha'anin aure da saki da gado da kyauta da wasiyya, kuma dokokin tsarin kotuna na 2004 da 2018 sun bar wannan ƙa'ida, muddin al'adar ba ta saɓa wa dokar ƙasa ba. A nan wajenmu, al'adar ta gauraya da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya. Shi ya sa alƙali ke zama da mashawarta masana al'ada.

Kafin a raba

Ba a taɓa dukiyar mamaci sai an fitar da abu uku bi da bi: kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya. Sadakin matar da ba a cika ba, shi ma bashi ne. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Kyautar da mutum ya yi yana da lafiya tana tabbata ne in wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa, hukuncin wasiyya take ɗauka.

Kason kowa

Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i su ne tushen rabon. Matar mamaci tana da tumuni in akwai ɗiya, rubu'i in babu. In matan suna da yawa, wannan kason suke rabawa tsakaninsu. Miji yana da rubu'i in akwai ɗiya, rabi in babu. Uwa da uba kowane sudusi in mamacin ya bar ɗa. Ɗa namiji yana ɗaukar kason mata biyu.

Ga misali: mutum ya rasu ba uwa ba uba, ya bar mata ɗaya, ɗiya maza biyu da mata uku, abin da ya rage bayan bashi jika 800. Matar ta ɗauki jika 100, kowane namiji 200, kowace mace 100. Da gona ce mai eka takwas, lissafin ke nan.

Inda gardama ta fi yawa

Na farko, gonar mata. A da, gandu ba a raba shi, mace kuma ana ba ta gamana ta noma. Da jama'a suka ƙaru, gonaki suka ƙanƙance, sai gamana ta soma kuɓucewa. Binciken da Marthe Doka da Marie Monimart suka fitar a 2004 kan kudancin Nijar ya nuna yadda matsin ƙasar noma ke fitar da mata daga noma, har wasu suka koma neman haƙƙinsu ta hanyar rabon addini. To, a sani: aure a wani gari ba ya soke gadon mace. In za a ba ta kuɗi a madadin gona, sai da yardarta, kuma a kan farashin gaskiya.

Na biyu, jinkiri. A bar gona a hannun babban wa shekara ashirin, shaidu su mutu, jikoki su taso ba wanda ya san iyaka. Nan ne zumunci ke lalacewa.

Na uku, aro da jingina. Gonar da aka ara wa mutum ba ta zama gadon ɗiyansa, ko an daɗe. Wadda ke hannunsa ta jingina tana komawa ga mai ita in an biya kuɗin. Haka dabbobin da aka ba shi kiwo. Burtali da makiyaya kuwa na jama'a ne, ba sa shiga gadon kowa.

Na huɗu, jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. A fiƙihu ba ya gado in baffanninsa na raye. Ƙasar Masar ta kafa wasiyya ta dole domin irinsu tun 1946. A nan, mafita ita ce kaka ya yi musu wasiyya cikin sulusi, ko kyauta tun yana da lafiya.

Na biyar, kason marayu. Amana ce a hannun waliyyi har su mallaki hankalinsu. A ƙirga, a rubuta, a gaban shaidu.

Takardun da za a nema

A fara da takardar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari. In lokaci ya wuce, sai ta hanyar alƙali. Kuɗin banki ko fansho ba sa fita sai da takardar shaidar magada da ta taron dangi, inda ake naɗa wakili. Kada a manta da kuɗin da ke cikin waya, shi ma gado ne.

Game da gona, dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da ƙasa, waɗanda muke kira Kofo, kuma yau akwai su daga gari zuwa ƙaramar hukuma da gunduma. Ta hannunsu ake samun takardar mallaka ta gargajiya, da ta saye, kyauta, aro, haya ko jingina.

In an kasa daidaitawa, rikicin gona yana farawa ne da sulhu wurin mai gari, sannan sarki, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba. Daga nan sai kotun Dakoro, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara Maradi.

Wanda ke so ya bar rijiya ko gona ko makaranta sadaka mai gudana, akwai wakafi: ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Nijar ta yi masa doka a 2019, akwai kuma babbar hukuma da ke kula da shi.

Shawararmu ga masu gida ita ce a rubuta bashi da ajiya da iyakokin gona tun ana raye, a nemi malamin da ya san ilimin gado, a raba da wuri a gaban kowa, mata da maza.